Daga Yusufari Zuwa Nguru: Wa Ke Auna Ruwan Da Jama'a Ke Shiga?

Garin Yusufari yana can ƙuryar arewacin Jihar Yobe, ƙasarsa kuwa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Baƙon da ya taso daga Gashuwa ya yi arewa, ba zai yi nisa ba zai ga ƙasa ta soma sauya kama. Laka da fadamun shinkafa sun ƙare, itatuwa sun yi ƙaranci, sai aduwa da tumfafiya nan da can, daga nan kuma rairayi ya karɓe wuri. In ya wuce garin ya ƙara gaba wajen Tulo-Tulo ko Bulatura, sai ya iske tuddan rairayi jere da juna, waɗansu sun fi bene tsawo, iska tana tura su sannu a hankali shekara da shekaru, har sukan cinye gona, wani sa'in ma su binne gida. Ƙaramar mota ba ta shiga wannan wuri, sai irin motocin da aka ƙera domin rairayi, ko raƙumi, ko amalanken shanu.

Wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Ikko, in ya tsaya bisa ɗaya daga cikin tuddan nan da hantsi, ba abin da zai hana shi tuna can, gama rairayin iri ɗaya ne, tekun ne kaɗai babu. Amma ruwa kam akwai shi, sai dai a ɓoye yake. Tsakanin tudu da tudu akwai kwari, a cikin kwarin kuwa ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, har a wani wurin mutum ba ya haƙa fiye da tsawonsa ya tarar da shi. Nan ne dausayi. Daga nesa sai a hango shi kore shar a tsakiyar fari, ga goruba, ga dabino, ga 'yan lambunan albasa da tumatir, a tsakiya kuma sau da yawa akwai tafki. Waɗansu tafkunan ruwansu na kanwa ne. In rani ya yi ruwan ya janye, sai kanwa ta fito fari fat a bakin gaɓa, Mangawa su kankare su tara, fatake su ɗauka su yi kudu da ita. Tun kafin zuwan Turawa kanwa da gishirin ƙasar Manga suke isa kasuwannin Kano da gaba da Kano. Dausayin Bulatura yana ɗaya daga cikin sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe ita kanta.

To, ruwan dausayi ba aiki ɗaya yake yi ba. Da sassafe mata da 'yan mata ne a bakin rijiya da guga da jarkoki, rijiyar kuwa sau da yawa ba ta da murfi, ba ta da dakali, bakinta daidai yake da ƙasa. Kafin azahar makiyaya sun iso da shanu da raƙuma da jakuna, dabbobin su sha, su yi kashi a daidai inda za a ajiye guga an jima. Da damina, wadda ba ta wuce wata uku ko huɗu, kududdufai sukan cika, yara maza su wuni a ciki suna iyo, kuma ba a taɓa ganin yaron da ya yi iyo bai kurɓi ruwa ba. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, duk inda ragowar ruwa ya kwanta can babba da yaro suke nufa. Rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana sun ƙaru, sun kuwa rage wahala, amma burtsatse ta sha ce da girki. Ba a iyo a bakin famfo.

Jama'ar wannan ƙasa suna da nasu ma'aunin ruwa tun da daɗewa, wanda kowane almajiri ya karanta a babin tsarki: a dubi launi, a ɗanɗana, a sansana, in babu wanda ya canja a cikin ukun, to, ruwa mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ma'auni ne mai kyau ga abin da aka ajiye shi dominsa. Hausawa ma sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sai dai akwai ruwan da ya ɓaci bai yi tsami ba. Moɗa guda ta ruwa garai-garai, wanda ba shi da wari ko kaɗan, tana iya ɗauke da dubban ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne kuwa ke kawo amai da gudawa, da zazzaɓin taifod, da atuni, da wani irin ciwon hanta mai sa shawara.

Wanda yake son ya ga bakin ruwa na sosai, sai ya juyo kudu ya komo Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade. Kusa da garin nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke gamuwa su zama kogi ɗaya, Komadugu Yobe, wanda ya bi ta Gaidam, ya raba Nijeriya da Nijar a wajen Diffa, sa'an nan ya faɗa Tafkin Chadi. Ruwan da ya iso Gashuwa ya sha tafiya. Na Jama'are daga duwatsun Filato ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi. Na Haɗeja kuwa haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, kuma sanin kowa ne cewa majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwan dattinsu a cikinsa, kafin ya wuce Wudil da Ringim da Haɗeja, kowane gari yana ɗiba yana kuma zubawa.

A bakin kogin nan babu sa'ar da ba kowa. Ga masunta da komarsu, waɗansu a kwalekwale, waɗansu a kife bisa gora suna tuƙi da hannu. Ga masu wanki sun shanya tufafi a ƙasa, ga samari suna wanke babura, ga masu kwaɓa laka suna buga tubali, ga manoman rani da injin ban ruwa yana ta ƙara. Ranar Alhamis da Juma'a, da yake tsangaya tana hutu, almajirai sukan cika gaɓa, su wanke 'yan rigunansu su baza, su faɗa ruwa kafin su bushe. Can gefe kuma, inda ciyawa ta yi duhu, nan ne wanda ba shi da masai a gida yake zagayawa. Duk wannan a cikin tazarar da ba ta fi jifa biyu ko uku ba. In ambaliya ta zo, kamar wadda ta mamaye ƙasar Bade da maƙwabtanta a 2022, sai abin ya wuce gaɓa: ruwa ya shiga unguwa, ya cika masai, ya tumbatsa, ya gangara cikin rijiya. A 2021 kaɗai, mutum fiye da 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, Jihar Yobe kuwa tana cikin waɗanda abin ya shafa.

A Turai da Amurka, irin wannan wuri da jama'a ke taruwa su shiga ruwa yana da doka tasa ta musamman. Ƙungiyar Kasuwar Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, ta kafa tata tun 1976, ta sake ta a 2006. Dokar ta wajabta wa kowace ƙasa ta rubuta sunayen wuraren da mutane ke wanka, ko a bakin teku ko a kogi ko a tafki, ta ɗebi ruwan kowanne kafin lokacin wanka ya kama, ta ci gaba da ɗiba kada a wuce wata guda ba a auna ba, har a sami akalla awo huɗu a kakar. Akan tara sakamakon shekara huɗu a sa wurin a ɗaya daga cikin aji huɗu, daga mafi kyau zuwa maras kyau, a kafa allo a bakin ruwan kowa ya gani. Wurin da ya shekara biyar a jere yana ajin ƙarshe, sai a hana wanka a cikinsa ko a gargaɗi jama'a su ƙaurace masa ɗungurungum. Wurare wajen 22,000 ake bi haka kowace shekara. Amurka ita ma ta yi tata dokar a 2000, inda Gwamnatin Tarayya ke ba jihohin da ke bakin teku da na bakin manyan tafkunan arewa kuɗi su auna ruwa, su sanar da jama'a in ya ɓaci.

Abin da ake nema a cikin kwalbar ba ƙwayar kwalara ba ce kai tsaye, domin bin cututtuka ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai tsada da cin lokaci. Wata ƙwaya ake nema da ake kira E. coli, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Mazauninta hanjin mutum da na dabba, yawancin irinta kuwa ba su cutarwa. Amfaninta shi ne ita ce sawun ɓarawo. In an gan ta a ruwa, to, bayan gida ya shiga ruwan nan ba da jimawa ba, inda kuwa bayan gida ya bi, cuta tana iya bi.

Aikin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Ma'aikaci ya shiga ruwa zuwa gwiwa ko ƙugu, ya nutsa kwalbar da aka riga aka kashe duk wata ƙwaya da ke cikinta, ya rufe, ya sa a akwatin ƙanƙara. A ɗakin awo sai a ɗebi mililita 100, watau kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, a tace ta cikin wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi ainun, waɗanda ruwa ke wucewa amma ƙwayar ba ta wucewa. A ɗora takardar a kan abincin da ƙwayar ke so, a sa a na'ura mai ɗumin digiri 44, a bari ta kwana. Kashegari kowace ƙwaya guda ta hayayyafa ta zama ɗigo wanda ido ke gani, sai a ƙirga. A dokar Turai, kogi ko tafkin da zai shiga ajin farko kada ya wuce 500 a cikin wannan ɗan ruwa, bakin teku kuwa 250. Na sha daban ne: ko guda ɗaya ba a yarda a samu ba. Wahalar aikin ita ce kwalba ba ta jira. Gara ta isa ɗakin awo cikin awa shida, in ta haura kwana guda kuwa ƙirgen ya zama banza. Har ila yau, sakamakon da ya fito yau labarin ruwan jiya yake bayarwa, in kuma an yi ruwan sama da dare ya wanko dattin gari, ƙirgen yakan ninka sau da yawa kafin gari ya waye.

Kada mai karatu ya zaci masu kuɗi sun gama da wannan matsala. A birnin Paris na Faransa an hana wanka a kogin Seine tun 1923. Sai da aka kashe kuɗi wajen Yuro biliyan 1.4 wajen gyaran magudanai domin wasannin Olamfik na 2024, duk da haka sai da aka ɗaga gasar maza da kwana guda saboda ruwan sama ya sa ƙwayar nan ta yi yawa. Ba a buɗe kogin ga jama'a ba sai a watan Yuli na 2025, bayan shekara ɗari da biyu.

A Nijeriya ba a rasa dokoki ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kiyaye ruwa da iska da ƙasa. Tun kafin nan, bayan da aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta sa duk kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, Komadugu Yobe kuwa yana ciki. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin ingancin ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka ambaci ruwan kamun kifi da na shaƙatawa. Ruwan sha shi ma yana da ma'auninsa na ƙasa tun 2007, wanda aka sake dubawa a 2015, ruwan leda da na gora kuwa ba a sayar da shi bisa doka sai da lambar hukumar NAFDAC. Ga kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, ga gidauniyar da jihohi shida na wannan kwari, watau Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafawa a taron Damaturu na 2006, ko da yake waɗannan biyun rabon ruwa da yasar hanyoyinsa ne suka fi cin hankalinsu.

Da wannan jerin, sai a ce kogin ya sami iyaye da yawa. Amma ɗan da ke da iyaye da yawa shi ne kan kwana da yunwa, kowa yana zaton ya ci a wani gida. Ruwan da aka ƙulla a leda aka sa masa kuɗi yana da mai gadi, ko da mai gadin yakan yi gyangyaɗi. Ruwan da yaro ke nutso a ciki kuwa takarda ce kaɗai ta san da shi. Matafiyi zai bi gaɓa daga Gashuwa har Nguru bai ci karo da allon da ya gaya masa ranar da aka auna ruwan da abin da aka samu ba. Malaman jami'a da ɗalibansu sukan zo su ɗiba, su auna, su rubuta da Turanci a mujallun masana, sakamakon ya tsaya can, mai wanki a bakin kogi bai taɓa jin labarinsa ba. Tsofaffi suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda in an hango shi unguwa ta ruɗe, ana wanke randa ana share kwata, gama da kansa yake leƙa randa, in ya ga tsutsa kuwa tara ce. Ma'aikatan tsabtar muhalli suna nan har yau a ƙananan hukumomi, sai dai ido da hanci ba su ƙirga abin da ba a gani.

To, ko da an wayi gari an ɗauko dokar Turai ɗungum an kafa ta a Gashuwa, ba za ta zauna daidai ba. Ita an gina ta ne a kan mutumin da ke da famfo a gida, wanda ke zuwa bakin ruwa domin nishaɗi a 'yan watannin zafi, in an ce kada ya shiga sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi wani wuri. A nan kuwa gaɓa ɗaya ce ta wanka da wanki da shayar da dabba, wani lokaci har da ɗibar na sha. Da wane ma'auni za a auna ta, da 500 ko da babu ko ɗaya? Wa kuma zai ce wa masunci kada ya shiga ruwa, ko manomin shinkafa kada ya taka fadama? Allon hani ba zai hana kowa ba. Amfanin awo a nan shi ne ya nuna ta inda datti ke shiga. In an auna sama da gari, aka auna tsakiya, aka auna ƙasa da gari, wata bayan wata, za a san wace kwata ce ta fi ɓarna, ina ya kamata a gina masai na jama'a, ina za a mai da mashayar dabbobi, wane mako ne ya kamata a soma raba sinadarin kulorin kafin kwalara ta riga kowa. Maƙwabciya Jigawa, wadda ruwan nan ke ratsawa kafin ya iso, an ayyana ta a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta daina bayan gida a fili. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko wannan shela ta isa cikin kogi ita ce a tambayi kwalba.

Daga Gashuwa zuwa Nguru tafiyar kamar awa guda ce a mota, yamma, ta Jajimaji. Nguru tsohon gari ne, nan ne mazaunin Galadiman Borno a da, kuma nan ne layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930, abin da ya mai da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da shanu da busasshen nama. Amma abin da ya fi fito da sunansa a duniya shi ne tafkinsa da mashigin Marma, waɗanda aka sa a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, na farko a Nijeriya. Da hunturu tsuntsaye sukan taso tun daga Turai su sauka a nan dubbai. Wuri ne mai kyan gani da la'asar, ruwa shimfiɗe, bado ya yi fure, kwalekwale na kai da komo.

Sai dai tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin ya sake hali. Da can yakan cika da damina ya malala, da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage. Yanzu ana sakin ruwa daga madatsa har da rani, sai waɗansu wurare suka zama ba su bushewa, a nan ne ciyawar nan da ake kira kacalla ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ta kuma yi wani abu wanda ba a cika faɗa ba: ta kwantar da ruwa, ta yi masa inuwa, wannan kuwa shi ne irin wurin da wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ke so, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba, shi ne kuwa mai rainon tsargiya.

Tsargiya tsutsa ce, wani likita mai suna Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin dodon koɗi ya yi 'yan makonni yana hayayyafa, sa'an nan ya fito dubbai yana yawo a ruwa, ya fi yawa kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin tafki. Ba sai an sha ba, ta fata yake shiga. Daga nan tsutsar ta girma ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Alamarta jini a ƙarshen fitsari, abin da a ƙauyuka da dama aka daɗe ana ɗauka alamar balagar ɗa namiji ce, saboda kusan kowane yaro yana yi. Alhali kuwa tana shanye jini, tana dakushe karatu, tana lalata mafitsara, ƙarshenta ma tana iya kawo ciwon daji a cikinta, ga mata kuma tana taɓa mahaifa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya.

Abin da ya sa tsargiya ta shigo wannan magana shi ne, awon da Turai ke taƙama da shi ba ya ganinta sam. Ana iya ɗibar ruwan wani lungu na tafkin Nguru a ƙirga, ya ci ajin farko, alhali yaron da ya yi minti goma a ciki ya fito da tsutsa a jika. Wanda zai tsare bakin ruwa a wannan ƙasa, ban da kwalba sai ya riƙa kwashe dodon koɗi yana dubawa, ya kuma bi makarantu yana tace fitsarin yara. Akwai magani, ƙwayar faraziƙwantel, ana kuwa rabawa kyauta a makarantu, amma almajiri da ɗan makiyayi da ɗan masunci, waɗanda suka fi kowa zama a ruwa, su ne rabon ya fi tsallakewa, wanda ya sha kuma in ya koma tafkin ya sake kamuwa. Abubuwa biyu suna hannun jama'a ba sai an jira hukuma ba. Ruwan tafki in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, tsutsar ta mutu, ana iya wanka da shi. Na biyu kuwa malamai sun riga likitoci faɗa, gama hadisi ingantacce ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu.

Akwai kuma wani ciwo da ya sa sunan Gashuwa a bakin mutane, watau ciwon ƙoda, wanda ya yi shekaru yana ɗauke manya da samari a ƙasar Bade da garuruwan da ke bin kogi, har da wuya a sami zuriyar da bai taɓa ba. Daga 2023 gwamnatin jiha ta haɗa masana na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu da takwarorinsu na Landan domin su bi diddigin abin, ruwa kuwa yana cikin abubuwan farko da aka sa wa ido, musamman guban ƙarafa irin su dalma da ragowar magungunan feshi. Waɗannan ma awonsu daban ne, na'urarsu daban.

Mai cewa aikin ya fi ƙarfin gwamnati, sai a tuna masa kurkunu. Da aka yi ƙidaya ta farko a 1988, mutum fiye da 650,000 aka samu da kurkunu a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai ta a duniya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da aka yi shi ne aka bi ƙauye ƙauye aka rubuta kowane tafki da ake sha, aka naɗa mutum guda a kowane ƙauye yana kai rahoto wata wata, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka zuba magani a tafkunan da suka kamu, Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta yawo yana roƙon gwamnoni da sarakuna. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi. Watau an taɓa yin zamanin da hukuma ta san tafki da sunansa, har irin waɗanda ke bayan tudun rairayi.

Kayan aiki ma sun matso kusa. Da, sai a ce ɗakin awon ingancin ruwa na tarayya yana Kano ko Gombe, kwalba ba za ta isa da rai ba. Yanzu akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, akwai babban asibitin tarayya a Nguru, akwai kuma akwatin awo na tafi-da-gidanka, wanda bai fi akwatin tufafi girma ba, yana aiki da batir, ana iya ɗora shi a bayan babur a kai shi Tulo-Tulo a yi ƙirgen a can. Sakamako kuwa ba lalle sai an rubuta shi a allo ba a ƙasar da rediyo ya fi jarida tafiya. Ana iya faɗarsa da Hausa da Barbarci da Badanci da Fulatanci, ko a ba mai unguwa, sankira ya zaga da shi.

In ana neman inda za a fara, akwai wuri guda da ya yi kama da abin da dokar Turai ta sani. A Gogaram, tsohon birnin Bade kafin sarauta ta komo Gashuwa a zamanin Turawa, akan yi bikin kamun kifi da rani. An hana su a ruwan tun watanni kafin ranar, ana sanar da ranar tun da wuri, Mai Bade da manyan baƙi sukan hallara, in aka ba da alama kuwa sai dubban mutane su auka cikin ruwa lokaci guda da koma da gora, su yi ta nutso har a fito da kifin da ya fi kowanne nauyi. Ruwa ɗaya ne, rana ɗaya ce, kowa kuma ya san ta tun kafin ta zo. Ma'aikaci guda da kwalba uku da akwatin ƙanƙara, in ya je mako guda kafin biki, zai komo Gashuwa kafin la'asar, kashegari da hantsi ya gama ƙirga.